Na Shafawa Daban, Na Sha Daban: Yadda Aka Samo Magungunan Kashe Ƙwayoyin Cuta

Daga Ɗanzomo zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, da wuya a shiga gidan da ba a ajiye magani iri biyu ba. Na farko yana cikin kwalba: aidin, ko jibi mai launin shuɗi, ko sifirit, ko Dettol. Na biyu kuwa kafso ne da aka ƙulle a leda, ja da baƙi ko ja da ruwan ɗorawa, ragowar wanda wani ya sha bara. Dukansu ana ce musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka abu ɗaya ne. Sai ka ga an fasa kafso an barbaɗa a kan miki, ko an tsiyaya ruwan kwalba a cikin rauni mai zurfi. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Na kwalba na bayan fata ne, na kafso na cikin jini ne. Likitoci sun yi kusan shekara ɗari kafin su gane wannan bambanci, an kuma yi asarar rayuka masu yawa a kan hanya. Labarin ke nan da muka ga ya kamata mu kawo muku a wannan fitowa.

Lokacin da asibiti yake kashe mutane

Tun zamanin dā mutane sun lura wasu abubuwa suna hana rauni ruɓewa. Kun san labarin Basamariyen nan a Luka sura 10, wanda ya zuba mai da ruwan inabi a raunin mutumin da 'yan fashi suka daka, sa'an nan ya ɗaure. Ruwan inabi yana da barasa a ciki, barasa kuwa tana kashe ƙwayoyin cuta. Amma ba wanda ya san da ƙwayoyin a lokacin. Har wajen shekarar 1850 manyan likitocin Turai suna cewa mugun wari ne yake kawo ciwo. Likita yakan yi wa mutum goma aiki da wuƙa ɗaya, yana goge ta a rigarsa.

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai wani asibitin haihuwa mai ɓangare biyu. A ɓangare ɗaya likitoci da ɗalibansu ne suke karɓar haihuwa, a ɗayan kuma ungozomomi. Mata sun fi mutuwa da zazzaɓin jego a hannun likitocin, har sukan yi kuka suna roƙo a kai su wurin ungozoma. Wani saurayin likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa ɗaliban suna fitowa daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye su duba mai naƙuda. A watan Mayu na 1847 ya kafa doka: kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace. A watan Afrilu mata 18 cikin 100 ne suka mutu a ɓangaren. Zuwa watan Yuli ba su kai 2 cikin 100 ba. Duk da haka manyansa suka ƙi shi, domin maganarsa tana nufin hannunsu ne yake kisa. Ya mutu a 1865 ba a karɓi maganar ba.

A wannan shekara ta 1865 aka kai wa wani likita mai suna Joseph Lister, a birnin Gilasgo, wani yaro ɗan shekara 11 da keken doki ya take masa ƙafa, ƙashi ya huda fata. A zamanin irin wannan karaya sai a yanke ƙafar, in ba haka ba ta ruɓe. Lister ya riga ya karanta binciken Louis Pasteur na Faransa, wanda ya nuna cewa wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, suke sa nono ya yi tsami, nama ya ruɓe. Sai ya ce, ashe su ne suke ruɓar da rauni. Ya jiƙa tsumma da kabolik, wani ruwa mai ƙarfi da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa, ya rufe raunin. Bayan mako shida yaron ya fita da ƙafafunsa biyu. Daga nan ya riƙa wanke hannu da wuƙa da zare duk da kabolik. Kafin wannan, cikin mutum 35 da ya yanke wa hannu ko ƙafa 16 sun mutu. Bayan haka, cikin 40 mutum 6 ne suka mutu. Izal da muke zubawa a masai dangin wannan kabolik ne.

Iyakar maganin kwalba

Aka yi shekara hamsin ana tsammani an gama. Sai Yaƙin Duniya na Farko ya zo, daga 1914 zuwa 1918. Sojoji suna kwance a gonakin Faransa masu taki, harsashi yana tura ƙasa da tsumman riga can cikin nama. Ana ta ɗura musu kabolik da makamantansa, suna ta mutuwa. Cikin likitocin soja akwai wani mai suna Alexander Fleming. Ya narka kwalbar gwaji ya yi mata 'yan lunguna masu tsini, ta zama kamar cikin rauni. Ya cika ta da ruwa mai ƙwayoyin cuta, ya zubar, ya wanke da maganin kwalba. Washegari ƙwayoyin suka sake fitowa daga lungunan da magani bai kai ba.

Ya kuma gano abin da ya fi wannan muni. Allah ya halicci jininmu da wasu fararen ƙwayoyi masu aikin soja, su ne suke taruwa a rauni suna cinye cuta. Mugunyar da kuke gani yawancinta gawarsu ce. Fleming ya nuna cewa maganin kwalba mai ƙarfi ya fi saurin kashe waɗannan sojoji fiye da cutar. Wato ka ƙone masu gadi, ɓarawo yana ɓoye a lungu. A kan fata mai lafiya, da wuƙa, da hannun likita, maganin kwalba yana da amfani babba. A cikin nama kuwa ana bukatar wani abu dabam, wanda zai bi jini ya kashe cuta ya bar mutum.

Funfuna

Kowa ya san funfuna, wannan gashi-gashi mai launin kore ko toka da yake fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu da damina. Halitta ce mai rai. Ita da ƙwayoyin cuta suna neman abinci a wuri ɗaya, don haka wasu irin funfuna suna fitar da ruwan da yake kashe abokan gasarsu. Likitoci da dama sun lura da haka kafin Fleming. A 1895 wani likita ɗan Italiya, Vincenzo Tiberio, ya rubuta sakamakon gwajinsa da funfunar bakin rijiya. A 1897 wani ɗalibin likitan soja a Faransa, Ernest Duchesne, ya rubuta nasa. Ba wanda ya kula da su. Duchesne ya mutu a 1912.

A watan Satumba na 1928 Fleming ya komo daga hutu zuwa ɗakin aikinsa a asibitin St Mary da ke Landan. Ya tarar funfuna ta faɗa cikin ɗaya daga cikin farantan da yake kiwon ƙwayoyin cuta a ciki, duk ƙwayoyin da ke kewaye da ita kuma sun narke. Ya raɗa wa ruwan suna fenisilin, daga sunan funfunar, ya buga rahoto a 1929. Ya ga ruwan ba ya taɓa fararen ƙwayoyin jini. Amma ya kasa tace shi, domin yana lalacewa da sauri. Magana ta kwanta wajen shekara goma.

Waɗanda suka tashe ta suna jami'ar Oksfod: Howard Florey, da Ernst Chain wanda ya gudo daga Jamus, da Norman Heatley mai dabarar haɗa kayan aiki. Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya soma, ba kuɗi, ba kaya. Sun yi kiwon funfunar a gwangwanaye da kwalabe, har da fo na majiyyata. Ranar 25 ga Mayu 1940 suka yi wa ɓeraye takwas allurar mugun ƙwayoyin cuta. Huɗu aka ba su fenisilin, huɗu aka bar su haka. Kafin gari ya waye huɗun da ba a ba su ba sun mutu, huɗun da aka ba su suna raye. Ku lura da yadda aka yi gwajin. Da an ba dukansu, ba za a san ko magani ne ya yi aiki ko dama can za su rayu ba. Mai tallar magani a lasifika da yake cewa "na ba wane ya warke" ba ya iya nuna muku ɗaya huɗun.

Mutum ya fi ɓera girma sau dubbai. Sun yi watanni suna tara ɗan garin da bai cika cokali ba. Ranar 12 ga Fabrairu 1941 aka yi wa wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander allura. Yana da shekara 43, cuta ta shiga masa ta rauni a fuska, ta cika kansa da ƙuraje masu mugunya, har an cire masa ido ɗaya. Cikin kwana ɗaya zazzaɓi ya sauka, ya fara cin abinci. Amma maganin kaɗan ne, jiki kuma yana fitar da fenisilin ta fitsari cikin 'yan sa'o'i. Sai suka riƙa tara fitsarinsa, a kai ɗakin bincike a tace maganin, a sake yi masa. Bayan kwana biyar ko hakan ma ya ƙare. Ya yi kwanaki kamar ya warke. Cutar da ta rage ta sake hayayyafa, ya rasu ranar 15 ga Maris.

Maganin gaskiya ne aka ba shi, ba jabu ba, likitocinsa kuma su ne suka fi kowa sanin maganin a duniya. Abin da ya rasa kwanaki ne kawai. Sauƙin da ya ji a rana ta biyu shi ne irin sauƙin da yake sa mutanenmu su ƙulle ragowar kafso a leda.

Bayan wannan Florey da Heatley suka tafi Amurka neman masana'antu. A 1943 aka samu wata funfuna mai yawan ba da magani a jikin wani ɗan itace mai kama da kankana, a kasuwar garin Peoria. Zuwa tsakiyar 1944 an iya yin abin da ya isa allura fiye da miliyan biyu domin sojoji.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗaura ruɓaɓɓen burodi a gyambo. Funfuna iri dubbai ce, masu ba da magani ƙalilan ne, wasu kuma guba ce. Mu manoman gyaɗa da masara wannan ya shafe mu. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, a nan aka gano gubar da ake kira afulatoksin, wadda wata funfuna take yi a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Tana lalata hanta. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Gyaɗar da ta yi funfuna, ta yanƙwane, ko take ɗaci, a tsince a zubar. Kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba kaji.

Yadda suka iso ƙasarmu

Tsofaffi a ikkilisiyoyinmu sun san abin da kuturta take kafin magani. Daga 1937 mishan na SIM suka karɓi aikin kula da masu wannan ciwo a wurare kamar Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Abin da ake da shi a lokacin allurar wani man itace ne mai zafi, amfaninsa kaɗan. Wajen ƙarshen shekarun 1940, a asibitin kuturta na Uzuakoli a gabashin Najeriya, wani likita mai suna John Lowe ya nuna cewa ƙwayar dafson, in aka ba da ita da ƙaramin awo, tana warkarwa ba tare da ta cutar ba. Ba daga funfuna take ba, haɗi ce ta masana'anta, mai araha. Nan da nan ta bazu, dubban mutane a Arewa suka riƙa karɓa a ƙananan dakunan shan magani suna zaune a gidajensu.

Sai dai ana shan ta shekara da shekaru, mutane suna sha suna tsallakewa. Cikin shekarun 1960 da 1970, a ƙasashe da yawa, aka fara ganin kuturtar da dafson ba ya taɓawa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da shi shi kaɗai, a haɗa shi da wasu. Ɗaya daga cikinsu, rifamfisin, asalinsa daga wata halitta ce da aka samu a cikin ƙasa a kudancin Faransa a 1957. Yau maganin kuturta kyauta ne, wata 6 ko wata 12.

Haka kuma sanƙarau, wanda yake zuwa mana da zafin bazara. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. Allurar da ake yi wa mai sanƙarau yanzu, seftiriyakson, jikar wata funfuna ce da wani likita mai suna Giuseppe Brotzu ya ɗebo a 1945 daga bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sadiniya na Italiya.

Yadda magani yake mutuwa

Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri, wasu sukan ninka yawansu cikin minti 20. Cikin miliyoyinsu akwai masu taurin kai. In aka ba da magani da awon da bai isa ba, raunana su mutu, masu taurin su gaji wurin su haifi irinsu. Kamar mai noma ne da ya sassabe kan ƙuduji ya bar saiwa da iri. Fleming da kansa ya yi wannan kashedi a 1945, sa'ad da ya karɓi lambar yabo ta Nobel tare da Florey da Chain: ya ce yana tsoron ranar da kowa zai iya sayen fenisilin a kanti ya sha ƙasa da awo. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, yammacin Afirka kuma shi ya fi kowane yanki yawan wannan mutuwa in aka auna da yawan jama'a.

Mun san dalilin da yake sa mutum ya sayi kafso biyu ranar Alhamis in ya je cin kasuwar Maigatari. Kuɗin cikakken magani ba ya hannu, asibiti da nisa, kuɗin mota ma abu ne. Ba raina kowa muke yi ba. Amma kafso biyu ba rabin magani ba ne, asarar kuɗi ce, tare da horar da cuta. Wanda ya sha rana a kan tire kuma wataƙila ƙarfinsa ya tafi tun kafin a saya. Muna roƙon dattawan ikkilisiya da zumuntar mata, in za a taimaka wa marar lafiya, a haɗa kuɗi a saya masa na dukan kwanakin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. In an ce sau uku a rana, a raba safe, rana da dare, domin kamar yadda muka gani ga ɗan sandan nan, jiki yana zubar da maganin.

Mura da yawancin tarin sanyi wata irin cuta ce dabam da ake kira bairos, kafso ba ya taɓa ta. Zazzaɓin cizon sauro ma maganinsa dabam. Yaro mai gudawa abin da ya fi bukata ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zink, sai in akwai jini a bayan gida, a nan a kai shi asibiti. Akwai kuma waɗanda jininsu ba ya shiri da fenisilin da danginsa. Wanda ya taɓa yin ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan ya sha ko an yi masa allura, ya faɗa wa kowane likita kafin a rubuta masa magani.

Rauni da cibiya

In fartanya ko lauje ya sare mutum, a wanke hannu tukuna. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, wanda aka tafasa ya huce, har ƙasa ta fita. Wannan wanki ya fi duk abin da za a shafa muhimmanci. A shafa aidin a gefe-gefe, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a zuba Izal, ko fetur, ko ruwan batir, ko toka. Kada a fasa kafso a kai, garin ba ya kai inda cutar take, yana dai toshe miki. In raunin ya yi zurfi, ko ƙusa ce ko ƙaya ta shige, ko cizon kare ne, a tafi asibiti ranar nan saboda allurar rigakafi. In ya fara kumburi da zafi, ja yana hawa sama, ko kaluluwa ta fito da zazzaɓi, cuta ta wuce fata ke nan, kwalba ba ta da sauran aiki. A nufi asibitin da ke kusa ko babban asibitin Gumel.

Cibiyar jariri ita ma rauni ce, ƙofa ce kai tsaye zuwa jininsa. Kashin shanu, man goge baki, gishiri da gashi da tsumma marar tsabta duk suna shigar da cuta. Akwai maganin shafawa da aka yi domin wannan, sunansa kuloheksidin, wanda aka samo a Ingila cikin shekarun 1950. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙauyukan Nepal, Bangaladash da Fakistan sun nuna ya rage mutuwar jarirai da fiye da kashi 20 cikin 100. A 2013 Jihar Sakkwato ta zama ta farko a Najeriya da ta saye shi da yawa ta raba wa masu haihuwa. Mai ciki ta tambaye shi tun wurin awo, a yanke cibi da sabuwar reza, a wanke hannu a shafa sau ɗaya a rana har kwana bakwai. Bai maye gurbin allurar rigakafin tsinkau-tsinkau da ake yi wa mai ciki ba.

Kashedi ɗaya ga ungozomomi da kakanni. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa tun daga 2015 an samu rahoton yara fiye da 40 a ƙasashe tara na Afirka da aka sa musu wannan magani a ido bisa kuskure, domin mazubinsa ya yi kama da na maganin ido. Wasu sun makance. A ajiye na cibiya a wuri dabam da na ido, a ɗaura masa zare ko tsumma don a gane shi ko da dare, a kuma nuna wa duk wadda za ta yi wa jaririn wanka.